Littafin da Ya Hana Lauya Barci

A shekarar 1904 wani lauya ɗan Indiya mai kimanin shekara 35 ya shiga jirgin ƙasa a tashar Johannesburg zai tafi Durban, a ƙasar da yau ake kira Afirka ta Kudu. Maganar kuɗi ce ta tashe shi. Jaridar da yake ɗauke da nauyinta, Indian Opinion, sai cin kuɗi take yi, kuma mutumin da ya tura ya duba lissafinta ya aiko masa da labari mara daɗi. Wani abokinsa Bature ɗan jarida, Henry Polak, ya rako shi tasha. Da za su yi sallama sai ya miƙa masa wani ɗan ƙaramin littafi, ya ce ya rage hanya da shi. Tafiyar awa 24 ce. Lauyan nan, Mohandas Gandhi, ya buɗe littafi ya kasa ajiyewa. Jirgi ya isa Durban da yamma, amma daren nan barci ya ƙaurace masa. Kafin gari ya waye ya gama yanke shawarar sauya rayuwarsa.

Kuma ya sauya ɗin. Ba da jimawa ba ya sayi fili eka 100 a wani wuri da ake kira Phoenix, mil 14 daga Durban, a kan fam 1,000. Aka kwashe maɗaba'ar jarida aka kai can bayan gari. Aka yi yarjejeniya cewa duk wanda zai zauna a wurin, edita ne ko mai jera haruffa, fam 3 zai riƙa karɓa a wata, kuma kowa zai kama fartanya. Irin zaman da aka san Gandhi da shi daga baya a Indiya, na gona da aikin hannu da rage buƙata, a wannan fili ya fara gwada shi.

Labari ne mai daɗin bayarwa, shi ya sa masu kwaɗaitar da mutane karatu ba sa gajiya da shi. Gandhi kansa, a tarihin rayuwarsa, da sihiri ya kwatanta abin da littafin ya yi masa. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ɗauki littafi kamar allura ke nan: a tsira wa mutum, ruwan ya bi jini, ya tashi wani daban. Wannan fahimta ita ta fi yawo a tsakaninmu, a bakin masoya littafi da masu tsoronsa duka. Ita ce kuma labarin Gandhi yake warwarewa idan aka bi shi a hankali.

Mu fara da littafin. Sunansa Unto This Last, marubucinsa John Ruskin, masanin zane-zane da gine-gine ɗan Ingila. Maƙalu huɗu ne da ya buga a wata mujallar Landan a 1860, yana sukar masana tattalin arziki na zamaninsa da suka ɗauki ma'aikaci tamkar kayan aiki, yana cewa dukiyar gaskiya ita ce ran ɗan Adam da lafiyarsa. Masu karanta mujallar suka fusata, har edita ya dakatar da jerin bayan maƙala ta huɗu. Aka haɗa su littafi a 1862, ya daɗe a kantuna yana shan ƙura kafin daga baya ya samu karɓuwa. Ruskin ya mutu a 1900. Wato ranar da littafin ya shiga hannun Gandhi ya shekara 42 a duniya, dubban mutane sun karanta shi sun koma ofisoshinsu. Shi kansa Polak da ya bayar da shi, ya karanta, ya yaba, ya ci gaba da zuwa aikinsa har zuwa ranar da ya miƙa wa Gandhi shi. Da allura ce, ai kowa ta kama.

Abin dubawa shi ne kayan da Gandhi ya shiga jirgin da su. Shekara 11 kafin nan, a 1893, a kan wannan hanyar jirgi aka jefo shi waje a tashar Pietermaritzburg cikin dare mai sanyi, saboda ya ƙi barin taragon da ya biya kuɗinsa, wanda Turawa suke ganin nasu ne su kaɗai. Daga baya ya fara wanke kayansa da kansa don rage kashe kuɗi, har ya taɓa cika wa kwalar rigarsa sitaci yana zuba a kotu, lauyoyi suna dariya. Wani wanzami Bature a Pretoria ya ƙi yi masa aski, ya je ya sayi abin aski ya zauna gaban madubi, gaba ya yi kyau ƙeya ta lalace, abokan aiki suka tambaye shi ko ɓeraye ne suka yi masa ɓarna. Kuma a farkon wannan shekara ta 1904 annoba ta ɓarke a unguwar Indiyawa a Johannesburg, ya yi jinyar ma'aikatan haƙar zinariya 23 da hannunsa, kusan duka suka mutu, har da ma'aikaciyar jinyar da hukuma ta turo. Mutumin da ya zauna a jirgin nan lauya ne mai samun kuɗi sosai, wanda ya riga ya fara jin kunyar kuɗin. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Gandhi ya daɗe da tsagewa.

Abu uku ya ce ya ɗauka a littafin. Na farko, alherin mutum ɗaya yana cikin alherin jama'a. Na biyu, aikin lauya da aikin wanzami darajarsu ɗaya, tunda kowa yana da haƙƙin cin abinci daga sana'arsa. Na uku, rayuwar manomi da mai sana'ar hannu ita ce rayuwar da ta cancanci a yi. Da bakinsa ya ce na farko ya riga ya sani, na biyu yana hango shi dishi-dishi, na ukun ne kawai bai taɓa zo masa ba. Ka ga wanzamin Pretoria ya dawo ta wata ƙofa. Abin da ya fi ban sha'awa kuwa, Ruskin bai faɗi duk abin da Gandhi ya ji ba. Ruskin mutum ne mai ra'ayin riƙau, wanda ya yarda da manya da ƙanana, da masu mulki da waɗanda ake mulka. A cikin wannan littafin ma ya rubuta ƙarara cewa babu abin da ya fi nanatawa a rubuce-rubucensa kamar rashin yiwuwar daidaito tsakanin mutane. Adalci ga ma'aikaci yake nema, bai nemi a biya edita da lebura fam uku-uku ba. Wannan ƙarin na Gandhi ne. Ya karanta rabin littafin a takarda, rabin ya fito daga cikinsa.

To in haka ne mene ne aikin littafin? Babba ne. Akwai tazara mai nisa tsakanin abin da mutum yake ji a ransa da abin da ya iya furtawa. Mutum yakan shekara yana fama da wani ƙunci da bai san sunansa ba, yana ganin ko shi ne mai matsala, ko shi kaɗai ne haka. Ranar da ya ci karo da jimlar da ta faɗi abin daidai, ƙuncin ya zama magana, magana kuwa ana iya auna ta, a gaya wa wani, a gina shawara a kanta. Wankin kaya da askin kai da jinyar masu annoba abubuwa ne a warwatse a rayuwar Gandhi, kowanne da dalilinsa. Littafin ya zura musu zare ɗaya. Ya kuma ba shi shaida: ga wani dattijo a wata ƙasa, wanda bai san shi ba, ba ya neman komai a wurinsa, ya iso wuri ɗaya da shi.

Akwai kuma wani abu da na fi ganin muhimmancinsa a irin zamanmu. Ka zauna a majalisar unguwa bayan la'asar ka saurari musu, kan siyasa ne ko kan addini ko kan ƙwallo. Da wuya ka ga an tashi wani ya ce na yarda, ni ne ban fahimta ba. Ko hujja ta kama shi sai ya ƙara ɗaga murya, domin idon mutane yana kansa, kuma wanda ya kayar da shi zai sake gani gobe a kan bencin nan. A gaban littafi babu wannan. Marubuci ba ya ganin fuskarka lokacin da maganarsa ta same ka, ba zai je ya ba da labari ba. Kana iya rufe shafi ka yi fushi, ka dawo bayan kwana biyu ka sake karantawa, ka sauka daga ra'ayinka ba tare da girmanka ya zube ba. Ga kuma tsawon zama. Wa'azi awa ɗaya ne, bidiyon waya minti biyu, littafi kuwa yana ajiye ka cikin kan wani mutum na kwanaki. Gandhi ya samu awa 24 babu mai kiransa, babu saƙon da ke shigowa. Ina shakkar ko mai tafiya Abuja daga Kaduna a jirgin ƙasa yau yana samun minti 24 irin wannan.

Kada a ɗauka sauyin kullum daɗi ne. Muna cewa karatu farkonka maɗaci ƙarshenka zuma, muna nufin wahalar koyo. Akwai wani maɗacin da ke zuwa bayan an iya. Frederick Douglass bawa ne a jihar Maryland ta Amurka. Yana ɗan shekara takwas aka kai shi birnin Baltimore, uwargidan da aka kai shi wurinta ta fara koya masa baƙaƙe. Mijinta, Hugh Auld, ya gano ya hana, ya ce bawan da ya iya karatu ya tashi daga bawa, ba zai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Yaron yana jin wannan magana ya gane inda ƙofa take. Ya riƙa ba yaran Turawa matalauta burodi a titi suna biya masa karatu. Wajen shekara 12 ya sayi wani littafin koyon jawabi, The Columbian Orator, a kan santi 50. A ciki akwai muhawara tsakanin bawa da ubangidansa, inda bawan ya rushe hujjojin bauta ɗaya bayan ɗaya har aka 'yanta shi. Douglass ya karanta ya maimaita. Sakamakon farko baƙin ciki ne. Ya rubuta daga baya cewa akwai lokutan da ya ga iya karatun nan masifa ce gare shi, domin ya nuna masa ramin da yake ciki bai ba shi tsani ba, har yana ƙyashin 'yan uwansa bayi da ba su san komai ba. Bai samu gudu ba sai 1838, bayan shekaru yana ɗauke da wannan sani. Duk mai cewa a ba yara littafi su samu natsuwa, ya kamata ya san wani littafin natsuwar yake ɗaukewa, kuma wani lokaci hakan ne daidai.

Auld ya yi imani da ƙarfin littafi fiye da malamai da yawa, kuma yana da magada a ko'ina. A Kano, a 2007, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar sakandaren 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Hujjar ita ce littattafan soyayya suna ɓata tarbiyya. Ba na raina damuwar iyaye, kuma ba duk abin da aka buga a wancan zamani ba ne zan miƙa wa 'yata. Amma dubi tunanin da ke ƙarƙashin wutar: yarinya farar takarda ce, littafi ya zo ya rubuta mata abin da babu. Allurar nan ce dai, an juya ta ta zama guba.

Wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Katsina a shekarun 1990 ya san yadda littattafan nan suke yawo. Shagon haya a bakin layi, littafi na ɗaya da na biyu da na uku, bango ya yi laushi don yawan hannu, an ɗinke gindinsa da zare. Ƙanwa ta karɓo wa yaya, yaya ta gama ta miƙa ta katanga. Wadda ba ta iya boko ba a karanta mata da rana bayan an sauke tukunya, wata kuma ta gaji da jiran mai karanta mata ta koyi haɗa baƙi da kanta. Me ke cikinsu? Auren dole, kishiya, saki ba dalili, uwar miji, yarinyar da aka cire daga makaranta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da marubuci ya ƙirƙiro ya shigo da shi gidajen mutane. Suna nan a tsakar gida tun kafin a buga shafi ɗaya. Balaraba Ramat Yakubu, ɗaya daga cikin fitattun marubutan, ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu ta rubuta abin da ta sani. Mai karatu ta ga halin da take ciki an ba shi suna, an sa shi a bakin wata mai kama da ita. Ƙona takarda bai taɓa tsagar bangon ba. Labaran ma ba su mutu ba, sun koma WhatsApp da Facebook da YouTube, inda ashana ba ta kai wa.

Duk da haka akwai haɗari na gaske, kuma daga wurin da amfanin yake fitowa shi ma yake fitowa. Idan mai karatu ne ke kawo rabin littafi, to yana iya kawo rabin banza. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke maimaita maganar magabata cewa wanda littafi ne malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. Karatun zaure a kan wannan tsoro aka gina shi. Bayan asuba ɗalibi ya durƙusa gaban malam da Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja Larabci, malam ya fassara kalma bayan kalma, ɗalibi yana na'am, na'am. Layi biyar ko shida, malam ya ce mu tsaya nan. Gobe sai ka biya na jiya kafin a ƙara maka. Littafi ɗaya sai ya ci watanni, kuma duk fahimtar da ta karkace akwai mai miƙe ta nan take. Tsari ne mai hikima, ya kuma tsare mutane da yawa daga zama muftin kansu bayan ƙasida ɗaya. Yana da nasa farashin. A zaure da wuya ɗalibi ya ji abin da malam bai ji ba, alhali irin kuskuren jin da Gandhi ya yi wa Ruskin shi ya haifi Phoenix. Ban ga hanyar da za a samu ɗayan a tsira daga ɗayan gaba ɗaya ba.

Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, ya nuna iyakar abin ta wata fuskar. An ɗaure shi a 1946 kan fasa gidaje, ya fito a 1952 mutum daban. A kurkuku ya kwafe ƙamus da hannu shafi bayan shafi, yana karatu da hasken fitilar baranda bayan an kashe wuta, yana komawa gado ya yi lamo duk sanda gandiroba zai wuce. Karatun ya ba shi harshe da tarihi. Amma ya shiga littattafan ne da aƙidar ƙungiyar baƙar fata ta Elijah Muhammad, Nation of Islam, cewa farar fata shaiɗan ne, kuma abin da ya je nema ya samu, domin tarihin bauta da mulkin mallaka cike yake da shaida. Abin da ya girgiza wannan ra'ayi aikin Hajji ne a 1964, inda ya ci abinci a kwano ɗaya da Musulmi farare. Gani ya kori ji. Gandhi ma haka. Littafin da ya daidaita masa lauya da wanzami bai daidaita masa Ba'indiye da baƙar fatar Afirka ba a waɗannan shekaru, rubuce-rubucensa na lokacin suna ɗauke da kalaman raini gare su, ga shi kuwa Phoenix a tsakiyar al'ummar Zulu take. Wannan tabo ne ya sa malamai da ɗalibai a Jami'ar Gana da ke Legon suka yi ta ƙorafi har aka cire mutum-mutuminsa daga harabar jami'ar a Disamba 2018. Inda bangonsa bai tsage ba, littafin bai shiga ba.

Saura abu ɗaya da ya raba Gandhi da yawancinmu. Ni ma littafi ya taɓa hana ni barci, ba sau ɗaya ba. Na ja layi a ƙarƙashin jimloli, na yi wa kaina alkawura, bayan sati biyu na koma yadda nake, littafin yana kan kanta. Masu sayar da littattafan sirrin arziki da nasara a cunkoson motoci da irinmu suke cin abinci, domin wanda ya ji daɗin zumuɗin nan zai dawo ya sayi wani. Zafin da littafi ke kunnawa ba ya daɗewa. Gandhi bai bari ya huce ba. Washegari ya kai maganar wurin Albert West, mai kula da maɗaba'ar, ya sa kuɗinsa, ya jawo wasu mutane ciki, ta yadda ko ya so ja da baya akwai fili da aka biya da iyalai da suka tare. Polak da ya ji abin da aronsa ya haifar, shi ma ya ajiye aikinsa ya koma Phoenix. Ko da haka abin bai cika yadda aka so ba: Gandhi ya yi niyyar barin lauyanci a hankali ya zauna can, amma aiki ya mayar da shi Johannesburg, zamansa a Phoenix ya zama na ɗan lokaci-lokaci.

Daren da za a buga fitowar farko daga sabon wurin, kafin shekarar 1904 ta ƙare, injin maɗaba'ar ya ƙi tashi. Injiniyan da aka ɗauko daga Durban ya yi iya yinsa ya gaji ya kwanta. West ya zo wurin Gandhi idonsa da ƙwalla, ya ce jarida ba za ta fita a kan lokaci ba. Akwai wani wili da aka tanada na juya maɗaba'a da hannu, amma sai mutum huɗu-huɗu suna karɓeɓeniya, ma'aikata kuwa duk sun gaji. Kafintocin da ke aikin ginin suna kwance a ƙasa suna barci. Gandhi ya tashe su ya roƙe su, suka miƙe ba musu. Lauya da kafintoci suka kama wili suna juyawa, West yana rera waƙar coci, har ƙarfe bakwai na safe. Aka tashi injiniya ya sake gwadawa, yana taɓa injin ya kama. Jarida ta isa tasha a kan lokaci. Daga baya akwai lokacin da mutanen Phoenix suka ajiye injin da gangan, suka koma juyawa da hannu.